Mai gadin da na saya jika biyu: tarihin butocin Ingila masu fuskar mutum



A babban hutun da ya wuce na shiga kasuwa neman kofunan shayi, sai na tsaya wurin wani mai kayan gwanjo, irin waɗanda ake kwasowa daga gidajen Turai a sauke su ta Kwatano: tsofaffin farantai, agogon bango da ya daina tafiya, cokula, fitilun da babu ƙwai. A cikin tarkacen nan na hangi wani tsoho ya kanne ido ɗaya yana kallona. Kai ne kawai da kafaɗu, na tangaran, da hula ruwan ƙasa, fuskar duk ta yamutse. A ƙeyarsa akwai mariƙi, tsakar kansa kuma a buɗe take, ana iya zuba ruwa a ciki. Mai kayan ya ce tun ranar da ya baza shi yara ke taruwa suna dariya, manya na kau da kai, ko mutum ɗaya bai taya ba. Ya ce jika uku, na ce biyu. Ya ce, "Kawo, Mushe, dama na gaji da kallon da yake yi mini."

Da na isa gida uwargida ta dube shi sau ɗaya ta ce ba dai a ɗakinta ba. Na ba ta gaskiya, na saka shi cikin kwalin littattafaina. Sai da dare, ina jujjuya shi, na ga rubutu a gindinsa: hoton zaki a kan kambun sarauta, sunan kamfanin Royal Doulton, shaidar cewa a Ingila aka yi shi, sunan tsohon, wato Old Charley, da wata lamba mai farawa da harafin D. Wannan ɗan rubutun ya sa na kwashe sauran hutuna ina bin sawun abin. Abin da na samo shi nake so mu duba tare, domin ya shafi yadda muke koyar da tarihi a aji, da yadda muke riƙon tsofaffin kayanmu a gida. Giya za ta fito cikin labarin, amma ba tallarta na zo yi ba, kuma ba ina kira ne a cika ɗakuna da mutum-mutumi ba. Shaidar tarihi ce ta faɗo hannuna, na ga bai kamata in bar ta a kwali ba.

Toby mai tumbi

Tunanin a yi wa tulu fuskar mutum ya girmi Turawan Ingila nesa ba kusa ba. Mutanen Moche na ƙasar Peru sun gina tuluna masu kamannin mutanensu fiye da shekara dubu da ta wuce. A ƙarni na 16 da na 17 maginan garin Frechen na Jamus sun cika kasuwannin Turai da tuluna masu fuskar wani mai gemu a wuya. A Ingila aka laƙaba wa tulunan sunan Bellarmine, wani babban limamin Katolika da mabiya ɗarikar Furotesta ba su ƙauna, don su riƙa zolayarsa.

Abin da ake kira Toby kuwa, a lardin Staffordshire na tsakiyar Ingila aka haife shi, wajen shekarun 1760. Cikakken mutum ne a zaune a kujera, mai tumbi, sanye da doguwar kwat da hula mai kusurwa uku irin ta zamanin. Hannu ɗaya na riƙe da tulun giya a kan gwiwa, ɗayan na riƙe da kofi ko lofen taba. Tsawonsa wajen santimita 25. Kusurwar hular ta gaba ita ce bakin da ake tsiyayawa, saman hular kuma murfi ne da ake cirewa. Na kira shi buta ne don ban sami kalmar da ta fi dacewa ba, amma kada mai karatu ya kawo butar alwala a ransa. Ya fi kama da babbar moɗa mai mariƙi da baki. Sunan da aka fi dangantawa da na farko-farkon nan shi ne Ralph Wood na garin Burslem, wanda ya rasu a 1772, da ɗansa mai suna irin nasa. Ana gane aikinsu da launuka masu sanyi, kore da shuɗi da ruwan ƙasa, waɗanda ke narkewa cikin ƙyallin tangaran ɗin har su ɗan malala cikin juna.

Masana sun kasu a kan inda sunan Toby ya fito. Wasu sun ce daga Sir Toby Belch ne, wani mashayi a cikin wasan kwaikwayon Shakespeare. Wasu kuma sun fi karkata ga wata waƙa mai suna The Brown Jug, wadda wani limamin coci, Francis Fawkes, ya buga a 1761. Labarin waƙar shi ne wani ƙato, Toby Fillpot, wanda babu mai ja da shi wurin sha, mutuwa ta ɗauke shi yana zaune da abin shansa. Ya daɗe a kabari har jikinsa ya koma yumɓu, sai wani magini ya haƙo yumɓun ya gina tulu da shi. Ke nan duk wanda ya ɗaga tulun ya kai baki, daga jikin Toby yake sha. Raha ce da gargaɗi a cikinta: mashayin da ke dariya da butar a hannu, ƙarshensa yake kallo.

Ba a daɗe ba Toby ya yi ƴan uwa. Aka yi siriri, aka yi matuƙin jirgin ruwa zaune a kan akwatinsa, aka yi attajirin ƙauye, aka yi mai shaƙar garin taba. Aka yi mace ma, Martha Gunn ta garin Brighton, wadda ta rayu daga 1726 zuwa 1815. Sana'arta ita ce tsoma masu hali cikin teku, a lokacin da likitoci ke cewa wankan ruwan gishiri magani ne. Ku lura da waɗanda aka zaɓa. Littafin tarihin da muke riƙewa a aji, na kowace ƙasa, sarakuna ne da yaƙe-yaƙe suka cika shi. A kan butocin nan sai ga talakan da littafin ya tsallake, da irin rigarsa, da maɓallan takalminsa, da abin da ke ba shi dariya.

Waɗanda ba a zana fuskarsu ba

Me ya sa Staffordshire? Domin ƙasar na da yumɓu da gawayin kwal a wuri ɗaya. Garuruwa shida suka tashi a kan wannan sana'a, Burslem da Tunstall da Hanley da Stoke da Fenton da Longton, waɗanda aka haɗe a 1910 suka zama Stoke-on-Trent. A 1777 aka gama haƙa babbar hanyar ruwa da ta haɗa kogin Trent da na Mersey, aikin da shahararren magini Josiah Wedgwood ya tsaya a kai. Kafin nan a bayan dabbobi da amalanke ake ɗaukar tangaran, da yawa ya farfashe a hanya. Da kwalekwale ya samu, kaya suka isa tashoshin jiragen ruwa lafiya, daga can sai duniya.

Abu na biyu shi ne mazubi. Gwani ɗaya ke sassaƙa siffar da yumɓu, sai a lulluɓe ta da irin farin garin nan da ake ɗaure karaya da shi a gidan likita. In ya daskare a ɓare shi gida-gida, an sami mazubi ke nan. Daga nan ko wanda bai iya sassaƙa ba zai danna yumɓu a ciki, ko ya zuba shi da ruwa-ruwa kamar kunu, ya fitar da Toby ɗari masu kama ɗaya. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwanen ƙarfe a kasuwa ya san dabarar. Mazubi ne ya sa butar ta yi arha, har ta hau kantar gidan leburori a ƙarni na 19.

Arhar nan akwai wanda ya biya ta. A farkon shekarun 1840 gwamnatin Ingila ta aika wani likita, Samuel Scriven, ya binciki halin yaran da ke aiki a masana'antun yankin, ya kuma rubuta abin da suka faɗa masa da bakinsu. Ya tarar da yara ƴan shekara bakwai da takwas suna aiki awa goma sha biyu ko fiye a yini. Aikin da yawansu shi ne gudu da mazubi: a ɗora wa yaro, ya ruga da shi ɗakin busarwa mai zafi kamar tanderu, ya dawo da wani, haka tun safe har dare. Wasu suna taya masu tsoma kaya cikin ruwan da ke ba tangaran ƙyalli, ruwan kuwa akwai dalma a cikinsa. Mu da muka ji abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba: hannu ya shanye, ciki ya murɗa, wani ya riƙa faɗuwa yana sanƙarewa. Ƙurar wurin kuma tana cin huhun manya a hankali. Da yawa cikin yaran da Scriven ya tambaya ba su iya karatu ba. Sai a 1864 dokar masana'antu ta shafi maginan tangaran, sai a 1880 aka tilasta wa iyaye sa yara makaranta a Ingila.

Duk cikin ɗaruruwan fuskokin da aka ɗora a kan butocin nan na zamanin, fuskar dariya ce ta yi yawa. Yaron da ya yi gudu da mazubin, a takardar likita kawai ya bar sawu. Ni da nake ƙirga bencin da babu kowa duk ranar kasuwa, nake kuma jin an ce wane ya bar lakol ya bi yayyensa wurin haƙar zinariya, wannan shafin ya fi kowane tsaya mini a rai. Ƙasar da muke yi wa kallon ta gama komai ta bi ta nan, kuma ba da fatar baki ta fita ba. Sai da wani ya je ya tambayi yaran, ya rubuta, aka yi doka, aka bi dokar.

Janar-janar a kan kanta

Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke, butar ta sami sabon aiki. Tsakanin 1915 da 1919 kamfanin Wilkinson na Burslem ya fitar da jerin Toby goma sha ɗaya na shugabannin ƙawancen da Ingila ke ciki, bisa zanen wani mai zanen barkwanci na jarida, Francis Carruthers Gould. Akwai Sarki George na Biyar, da firaminista Lloyd George, da shugaban Amurka Wilson, da janar-janar irin su Haig da Kitchener, da Faransawa biyu da kowane malami a Nijar ya haddace sunansu tun yana ɗalibi, Joffre da Foch. An ƙayyade adadin kowane, aka sayar da tsada. Daga nan butar ta tashi daga abin zuba giya ta koma abin ajiya a bayan gilashi.

A kan butar, Joffre dattijo ne mai kumatu da farin gashin baki, irin kakan da jikoki ke hawa cinyarsa. To amma shi ne jami'in da ya shiga Tumbutu da sojojin Faransa a 1894. Kitchener kuma shi ne ya karya rundunar Mahadiyya a Omdurman ta Sudan a 1898, ƙasar da kakanninmu mahajjata ke ratsawa da ƙafa, wasu ma suka zauna can har yau. A daidai shekarun da ake fentin butocin nan, Kawusan ya yi wa barikin Faransa na Agadas ƙawanya, daga ƙarshen 1916 zuwa farkon 1917, kuma dubban ƴan Afirka ta Yamma na mutuwa a ramukan yaƙin Turai da kakin Faransa a jikinsu. Cikin goma sha ɗayan nan babu ko ɗaya daga cikinsu. Wanda ya yi butar bai yi ƙarya ba, gwanayensa ya zana yadda yake ganinsu. Aikinmu ne mu nuna wa yaro cewa mutum ɗaya na iya zama kaka mai fara'a a kantar wani gida, ya zama mai bindiga a labarin da ake bayarwa a wani gidan.

Inda tsohona ya fito

Kamfanin Doulton ya faro ne a Landan a 1815. Arzikinsa na farko ba daga kayan ado ya zo ba, daga bututun magudanar ƙazanta ne, waɗanda biranen Ingila suka buƙata da yawa tun daga shekarun 1840 saboda annobar kwalara. Daga baya ya sami masana'anta a Burslem, a 1901 kuma Sarki Edward na Bakwai ya ba shi izinin ƙara kalmar Royal a sunansa.

A 1934 shugaban masu zanen kamfanin, Charles Noke, ya kawo sauyin da ya haifi irin abin da na saya. Ya yar da kujera da ƙafafu da tumbin Toby, ya bar kai da kafaɗu kawai, domin a fuska hali ke bayyana. Na farko shi ne John Barleycorn, wani mutum na tatsuniya da Turawan Ingila ke kwatanta hatsin sha'ir da shi. Na biyu, a shekarar dai, shi ne tsohona. Ashe Old Charley mai gadi ne. Kafin a kafa ƴan sandan Landan a 1829, tsofaffi ne ke zagaya unguwa da dare da fitila da sanda suna shelanta awa, ana yi musu laƙabi da Charley, kuma an san su da gyangyaɗi a bakin aiki. Kanne idon nan da ya ba yaran kasuwa dariya, na mai gadin da barci ke fizga ne. An yi kusan shekara hamsin ana fitar da shi, shi ya sa yake da yawa har ɗaya ya ɓato hanya ya iso gare mu.

Bayan su aka yi Sairey Gamp, wata ungozoma mashayiya daga littafin Charles Dickens, mariƙinta lema ce saboda ba ta rabuwa da lema a littafin. Daga shekarun 1950, a hannun wani mai sassaƙa Max Henk, mariƙi ya zama rabin labarin. Long John Silver, ɗan fashin teku na littafin Stevenson da wasunmu suka karanta da Faransanci, aku ne mariƙinsa. Aka yi sarakuna, da marubuta, da masu sana'a, da taurarin fim, ɗaruruwan fuskoki, a girma huɗu, daga mai cika tafin hannu biyu zuwa wanda bai fi kan babban yatsa ba.

Akwai ɗaya da ya kamata kowane malamin tarihi ya sani. A 1975 aka fitar da Anne Boleyn, matar Sarki Henry na Takwas ta biyu, wadda ya sa aka fille wa kai a 1536. Aka yi mata mariƙi da gatari da kututturen sara. Alhali da takobi aka kashe ta, har sai da aka ɗauko gwanin takobi daga Calais don aikin. Kaya na iya kuskure kamar yadda mai ba da labari ke yi, kuma kyawunsa ba ya mayar da shi hujja. Sai an gwada shi da wata shaidar.

Masu tarawa da abin da suke biya

Tara tangaran da ba a ci a ciki ba baƙon abu ba ne gare mu. Duk wanda ya leƙa ɗakin amarya ya ga jeren kwanuka da tasoshi har rufi, waɗanda tuwo bai taɓa shiga ba. Masu tara butocin Ingila haka suke, sai dai su sun haɗa da rubutu. Kowace buta ta Doulton na da lambarta, akwai littattafan da suka jera shekarar da aka fara ta, da wadda aka daina, da sunan mai sassaƙa, da kowane ɗan canjin launi. A 1980 kamfanin ya kafa ƙungiyar masu tarawa ta duniya. A garin Evanston kusa da Chicago, wani mutum mai suna Stephen Mullins ya tara fiye da 8,000, na kamfanoni da ƙasashe daban-daban, har ya buɗe musu gidan kallo.

Abin mamaki, waɗanda suka fi tsada sau da yawa su ne waɗanda ba su yi nasara ba. A 1940 Noke ya yi Churchill mai mariƙi biyu, aka ga bai yi kama da shi ba, ba a daɗe ba aka daina. A 1984 aka yi ɗan fim Clark Gable, magadansa ba su amince ba, aka janye shi daga kasuwa, sai ƴan kaɗan suka tsira. Yau su ake rububi a wurin gwanjon manya. Tsohona da kowa ya so, aka yi shi dubbai, jika biyu ya ci.

Da ganin ana saye, sai kamfanoni suka shiga fitar da ƙayyadaddun adadi da gangan, da takardar shaida, mutane na saye suna ɓoyewa da zaton jari ne. Zuwan kasuwar intanet ya tona asiri. Abin da kowa ke zaton shi kaɗai ke da shi, sai ga shi birjik, farashin na gama-gari ya faɗi. Masu tarawa suka tsufa, ƴaƴansu ba su da sha'awa, in an yi rasuwa a kwashe a zuba a kwali. Masana'antar Burslem ta rufe a 2005, aikin ya koma ƙasashen Asiya. Ina kyautata zaton ta irin wannan kwalin ne mai gadina ya shigo jirgi. Wata tsohuwa ta yi shekaru tana goge masa ƙura, jikokinta ba su ga abin ajiyewa ba.

Duk da haka bai ɓace ba. Ya ratsa teku, ya sauka hannun wanda bai taɓa jin sunansa ba, amma cikin dare ɗaya, da waya a hannu, na san kamfaninsa, da garinsa, da wanda ya zana shi, da ko wane ne shi. Ɗan rubutun gindinsa ne ya yi wannan aikin.

Namu tulunan masu kai

A nan ne labarin ya juyo gida. Mu ma a Nijar muna da tuluna masu kan mutum, kuma sun girmi Toby da ɗaruruwan shekaru. A 1975 aka gano maƙabartar Bura a yankin Tera. A 1983 masanin tarihinmu Bube Gado na jami'ar Yamai ya jagoranci tono a wurin, aka sami tulunan binne mamata a kife, wasu da kawunan mutane a samansu, wasu da mahaya dawaki. Bayan an nuna su a Turai a shekarun 1990, masu tarawa na can suka buɗe jaka, aka bi wuraren da dare da diga da shebur. Ɓarnar ta kai har a shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura, tare da na Nok a Najeriya, cikin jerin kayan da ke cikin haɗari, ta yi kira kada kowa ya saya.

Ku gwada biyun. Butar Ingila tarihinta na manne a jikinta, duk inda ta je da shi take tafiya. Tulun Bura babu rubutu a gindinsa. Tarihinsa na cikin ƙasar da yake kwance: zurfin da aka same shi, abin da ke kusa da shi, ƙasusuwan da ke ƙarƙashinsa, gawayin da ake auna shekaru da shi. Ranar da aka fizge shi aka sa a buhu, ranar aka yage shafin, ko da tulun bai yi ko tsaga ba. Wanda ya haƙa ya sami na cefanen mako ɗaya, dillali ya ci riba, mu kuma aka bar mu da rami da darasin da babu abin faɗa a cikinsa.

Da aka koma makaranta na tafi da mai gadin ajina na CM2. Bayan dariya ta lafa na rubuta tambayoyi a allo: wa ya yi shi, da me, don wa, wa aka zana, wa aka bari. Muka juya shi muka karanta gindinsa tare. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, to wanda ya shafa masa fentin fa, ina sunansa?" Na ce mata wannan tambayar ita ce darasin yau, na ba su labarin yaran da ke gudu da mazubi. Aji ya yi tsit irin wanda ban saba ji ba.

Aikin gida da na ba su shi ne kowa ya nemi abin da ya fi tsufa a gidansu, kada ya ɗauko shi, ya dai tambayi manya ya rubuto. Wani ya zo da labarin randar kakarsa da aka sayo a Mirya tun kafin a haifi babansa. Wata ta rubuto tasar da kakan kakanta ya dawo da ita daga hajjin ƙasa bayan shekara bakwai. Wani yaro kuma ya dawo da takarda fara, ya ce akwai takobi a gidansu da, an sayar wa wani baƙo, kuma tsohon da ya san labarinsa ya rasu bara.

Roƙona ga iyaye, in yaro ya zo da irin wannan tambaya, kada a kore shi da cewa tarkace ne. A zauna a gaya masa, a bar shi ya rubuta, a ajiye takardar tare da kayan. Ga ƴan uwana malamai kuma, ba sai mun jira an kawo mana kayan aiki daga Yamai ba. Tsohuwar dala, ko faifai, ko guntun kasko, sun isa a yi darasin awa ɗaya da yaro ba zai manta ba. In kuma wani ya zo ƙauye yana tambayar inda ake tono tsofaffin tukwane, a sanar da maigari da hukuma.

Mai gadin yana nan a kan kabad ɗin ajinmu. Na naɗe ƴar takarda na jefa cikin kansa, na rubuta ranar da na saye shi, da kasuwar, da jika biyun, da sunan ajin da ya fara yi masa tambayoyi, saboda malamin da zai gaje ni.

Allah ya sa mu dace, ya yi wa ƴaƴanmu albarka.